Wa Ke Biyan Kuɗin Maganin? Jawabi Kan Tallafin Ƙasashen Waje da Asusun Jinƙai na Ƙungiyarmu

Uwar ƙungiya, na gode da kika ba ni wannan lokaci kafin a buɗe akwati. Na san wasu sun baro tukunya a murhu, wasu sun baro surfe, don haka zan yi ƙoƙari kada in cinye muku yini.

Maganar yau ta shafi cuta mai karya garkuwar jiki, wadda aka fi sani da ƙanjamau, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suke cewa sida. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku kwantar da hankalinku, ba wadda za a tambaya halin da take ciki, ba wadda za a nuna da yatsa. Dokar tabarmar nan tana nan yadda muka kafa ta tun ranar farko: abin da aka faɗa a nan, a nan zai kwana.

Bari in fara da tambaya. Wace ce a cikinmu ta taɓa zuwa awon ciki aka huda mata yatsa aka ɗiga jini a wani ɗan abu kamar tsinke? (A dakata a ga hannuwa.) To, ɗaya daga cikin abubuwan da ake dubawa a jinin nan ita ce wannan cuta. Kun taɓa tambayar kanku wa ya sayi ɗan tsinken nan? Wa ya kawo shi har asibitin ƙauyenmu? Idan aka sami mace da cutar aka ba ta magani kyauta, wa ya biya? Mu 'yan adashi mun san babu wani abu kyauta a duniya. In ba ki biya ba, to wani ya biya. Shi nake so mu gano yau, mu kuma duba abin da zai faru ranar da ya ce ya gaji.

Cutar da maganinta a taƙaice

Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta hanya uku: saduwa da wanda ke ɗauke da ita, haɗuwar jini ta reza ko aska ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita, sai kuma daga uwa zuwa jariri lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko zama a tabarma ɗaya, ko musabaha, ko cizon sauro. Mace nawa ce ta same ta a ɗakin aurenta ba ta taɓa taka ko'ina ba? Saboda haka mu bar yi wa mutane hukunci.

A 2018 gwamnatin Najeriya ta yi babban bincike gida-gida, aka sanar da sakamakon a watan Maris na 2019. An gano cewa cikin mutum 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, wajen 14 na ɗauke da cutar, a ƙasar baki ɗaya kuma kimanin mutum miliyan 1.9 ne. Ga inda ya shafe mu: cikin maza 1,000 mutum 9 ne, cikin mata 1,000 kuwa 19 ne. Wato mun ninka maza. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maganin da ake ba yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya ce tak a yini, ma'aikatan asibiti na kiranta TLD. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya, danne ta take yi har ta kai in an gwada jini ba a ganinta. Wadda ta kai wannan matsayi tana noma, tana sana'a, tana haihuwa, kuma ba ta sa wa mijinta. Sai dai akwai sharaɗi: kullum ne, har ƙarshen rai. Kamar murfin tukunya ne a kan wuta, kin ɗaga, tururi ya taso. Idan aka daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar za ta sake yawa a jini. In kuma ana sha ana bari, cutar na iya sabawa da maganin ya daina yi mata aiki, sai an koma wani wanda ya fi tsada, ya fi wuyar samu. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa maganar kuɗi ta zama maganar rai.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

An fara sanar da ɓullar cutar a Najeriya a 1986. Iyayenmu da ke nan sun ga zamanin da in aka ce wane ya kamu, sai a fara zancen likkafani. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara guda ya haura dala 10,000. Ko Alhajin birni sai ya sayar da gida. A 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai iya sayar da shi dala 350 a shekara, daga nan farashi ya fara saukowa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara ba da maganin da rahusa a wasu manyan asibitoci, aka tsara wa manya 10,000 da yara 5,000. Ku kwatanta wannan da yawan masu buƙata. Sai a farkon 2006 aka mai da shi kyauta a asibitocin gwamnati.

Abin da ya sa kyautar ta yiwu shi ne manyan jakunkuna biyu da aka buɗe a waje. Ta farko ita ce Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda ake kira Global Fund. An kafa shi a 2002, hedikwatarsa na ƙasar Suwizalan. Shi kamar adashin ƙasashe ne: Amurka, Faransa, Ingila, Jamus, Japan da wasu suna zubawa, sai a raba wa ƙasashe masu buƙata. Yawancin gidan sauron da ake raba mana ma da hannunsa a ciki. Jaka ta biyu ita ce shirin PEPFAR, wanda shugaban Amurka George Bush ya kafa a 2003, ya fara aiki a Najeriya a 2004. Abin da wannan shiri ya kashe a ƙasar nan ya wuce dala biliyan 6. Ku lura da abu guda: a cikin Asusun Duniya ma, Amurka ce mai zubi mafi tsoka. Ke nan jaka biyu ne, amma hannu ɗaya ya fi nauyi a cikinsu.

Hukumar NACA, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da yaƙi da wannan cuta, lissafinta na shekarun baya ya nuna wajen kashi 80 cikin ɗari na kuɗin aikin daga waje yake zuwa. In aka kashe naira goma, takwas ta baƙo ce, biyu ce ta gida.

Yabon gwani ya zama dole. Wannan kuɗi harajin talakawan wasu ƙasashe ne da ba su san mu ba, kuma ya raya miliyoyin mutane. A yau fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ke karɓar maganin a Najeriya. Akwai yaran da ke zuwa makaranta a garuruwanmu waɗanda ba don shi ba da marayu ne. Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ƙwayar kaɗai ake biya ba

Wata za ta ce, ai tunda magani ya yi araha shi ke nan. Gaskiya ne ya yi araha. A 2023 Asusun Duniya ya sanar da cewa ya samo TLD a ƙasa da dala 45 na shekara guda. Amma mu bi ƙwayar nan a hanyarta. Yawanci a Indiya ake yin ta. Sai an biya jirgi ya kawo ta, a biya sito, a biya motar da za ta raba ta jiha-jiha har ta iso babban asibitin ƙaramar hukuma. Akwai injin gwajin jini da ke nuna ko maganin na aiki, injin nan yana cin sinadari da wutar lantarki. Akwai ɗan babur mai ɗaukar jinin daga ƙananan asibitoci zuwa inda injin yake. Akwai yarinyar da ke shigar da suna a kwamfuta, da mai kiran waya ya ce ranar karɓarki ta yi. Akwai iyaye mata masu ɗauke da cutar da aka horar, su ne ke zama da mai ciki sabuwar gano halinta su lallashe ta, su ce mu ma ga mu, ga 'ya'yanmu lafiya lau.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Albashinsu ko alawus ɗinsu daga kuɗin tallafi yake fitowa. Kamar bikin da aka kawo shinkafa ne, amma mai kawo shinkafar shi ne ya kawo itace, ya biya masu girki, ya yi hayar tukwane. Ranar da ya tsaya, ko da buhun shinkafa na ɗaki, baƙi da yunwa za su kwana.

Abin da ya faru a 2025

Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da shi, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takardar dakatar da tallafin da ƙasarsa ke ba ƙasashen waje na kwana 90, wai sai an duba. Kwana huɗu bayan haka aka aika wa ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin umarnin su tsaya cak. Daga baya aka sassauta, aka ce a ci gaba da ba da maganin masu ɗauke da cutar da kuma aikin kare jarirai. Amma kafin sassaucin ya iso ƙasa, an riga an sallami ma'aikata da dama, wasu ayyukan kuma ba su dawo ba. A watan Yuli aka rufe hukumar USAID, wadda kaso mai yawa na kuɗin ke bi ta hannunta. A watan Satumba kuma gwamnatin Amurka ta fito da sabon tsari, wanda ke cewa ƙasashen da ake taimaka wa su riƙa ɗaukar ƙarin kaso na nauyin shekara bayan shekara.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Mai labarin ta ba ni izini, da sharaɗin ba suna, ba gari, kuma ba 'yar wannan yanki ba ce, kada kowa ta fara lissafi a zuciyarta. A watan Fabrairu na shekarar, wata baiwar Allah daga wata ƙungiya da nake bibiya ta zo gidanmu bayan sallar isha'i. Shekara biyu muna zama da ita a tabarma ɗaya ban san tana shan magani ba. Ta ce, “Malama, an ce Turawa sun janye, magani ya ƙare. Yarinyar da ke kirana ta daina kira. Saura mini ƙwaya goma sha ɗaya, na koma sha yau, gobe in tsallake, don su kai ni.” Kuma a lokacin tana shayar da jariri ɗan wata huɗu.

Washegari muka hau mota tare. Da muka isa, magani na nan a kan kanta, bai ƙare ba. Mutane ne babu. Ɗakin da ta saba ganin ma'aikata huɗu, nas ɗaya muka tarar tana haɗa aikin kowa. Muka yi layi tun hantsi har bayan la'asar. Da aka zo kanta, maimakon na wata uku da aka saba ba ta, na wata ɗaya aka ba ta, aka ce ana lallaɓa abin da ke hannu ne. Ma'anarsa, kuɗin motar da take nema sau huɗu a shekara ya koma duk wata. A hanyar dawowa ta ce da ni, “Maganin kyauta ne, zuwa wurinsa ne ba kyauta ba.” Asusun jinƙai na ƙungiyarsu ne ya ɗauki kuɗin motarta wata uku, har abubuwa suka ɗan daidaita. Da aka gwada yaron daga baya, bai kamu ba. Alhamdu lillahi. Amma ku duba yadda jita-jita da rashin kuɗin mota suka kusa yin abin da cutar ta kasa yi a shekaru.

Ina gwamnatinmu?

Ta motsa, kada mu yi mata ƙarya. A farkon Fabrairu 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magani 150,000. Majalisar dokoki ta ƙara wa ɓangaren lafiya dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin. Tun a 2022 ma an ƙaddamar da wani asusu na 'yan kasuwa da kamfanoni da burin tara wajen naira biliyan 62, musamman don kare jarirai. To amma ku ɗora ƙunshi 150,000 a kan mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Akwai kuma tsohon alkawari. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka ce kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta don lafiya. Har yau gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, a yawancin shekaru wajen kashi 5 ake yawo. Lafiyar ɗan ƙasa nauyin gwamnatinsa ne, baƙo taimako ya zo yi. Wannan ya kamata mu tuna ranar da 'yan siyasa suka zo da atamfa da sabulu.

Darasin da ke cikin akwatinmu

Iyayena, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Wannan tsari na akwati mai kwaɗo uku a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a jihar Maradi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Sirrinsa ɗaya ne: ba a zuba kuɗin waje a cikin akwati. Kun tuna ranar farko da wasu suka tambaye ni nawa ƙungiyarmu za ta ba ku jari, na ce ko sisi? Wasu suka tashi suka tafi. Ku da kuka zauna, yau ga shi kun yi rabo da gumin kanku. Ni ma da nake tsaye a gabanku, aikin da ya kawo ni kuɗin tallafi ne, kuma yana da ranar ƙarewa. Ranar da na daina zuwa, akwatin nan ba zai san na tafi ba, don ba da kuɗina aka cika shi ba.

Sai dai kada in yaudare ku. Akwatinmu ba zai iya sayen maganin nan ba, ba zai sayi injin gwajin jini ba, ba zai biya nas ba. Wannan aikin gwamnati ne. Abin da za mu iya shi ne tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakin mace da ƙofar asibiti, kuma a wannan tazara ce mata da yawa ke faɗuwa.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu ƙarfafa asusun jinƙai. Mu yi lissafi tare. A ce mu 25 ne, kowa na zuba naira 100 duk mako ban da hannun jarinta. A mako 2,500 ke nan, a mako huɗu 10,000, a shekara 130,000. A ce zuwa babban asibiti da dawowa naira 3,000 ne, ana zuwa sau huɗu a shekara, 12,000 ke nan ga mutum ɗaya. Kun ga asusun zai iya kai mutum goma asibiti shekara guda har da canji. Ku sa farashin motar garinku ku sake lissafin. (A bar magatakarda ta yi lissafin da ƙarfi kowa ta ji.)

Na biyu, rufin asiri. A nan akwai ƙulli, don dokarmu ta ce duk kuɗin da zai fita a gaban kowa zai fita. Mace mai wannan lalura kuwa ta gwammace ta rasa magani da ta tashi a gaban mata 25 ta faɗi dalili. Ga yadda wasu ƙungiyoyi suka warware shi. Ana zaɓen amintattu biyu, matan da kowa ya shaida cikinsu ba na tsumma ba ne. A gaban kowa ake ƙirga musu wani adadi, a rubuta. Mai buƙata ta same su a gida. Ranar taro su faɗi nawa ya fita, nawa ya rage, a littafi kuma a rubuta “kuɗin motar asibiti” kawai. Kuma a buɗe shi ga duk mai ciwon da ke buƙatar komawa asibiti a kai a kai: hawan jini, ciwon suga, tarin fuka, sikila, awon ciki. Ta haka ba wadda za ta ce tunda wance ta karɓa, ai abu kaza ne da ita.

Na uku, duk mai ciki a cikinmu, ko 'yarmu, ko surukarmu, ko kishiyarmu, ta je awo kuma ta yarda a gwada ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 da uwa mai cutar ta haifa, 15 zuwa 45 za su iya kamuwa. Idan uwa na shan magani yadda ya kamata, aka ba jariri nasa na ruwa da zarar an haife shi, adadin yana sauka ƙasa da 5. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa a duniya, kuma babban dalili shi ne mata da yawa ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa. Inna ungozoma, wannan roƙo gare ki ne musamman, don maganarki ta fi tawa shiga kunne.

Na huɗu, idan aka sake jin an ce magani ya ƙare, kada a yarda da zancen bakin rijiya. A je asibiti a ji daga bakin ma'aikaci. Kada a tsallake kwana, kada a raba ƙwaya biyu, kada a raba da miji ko maƙwabciya. Kada a jira sai kwalba ta zama wayam, a koma tun da sauran na mako biyu. In an sami hali a roƙi na wata uku ko shida, tsarin ya yarda da haka ga wadda jikinta ya daidaita. In za a yi tafiya, ko rashin tsaro ya tashi mutane, a fara ɗaukar kati da kwalbar magani kafin kayan sawa, don da katin za a iya karɓa a wani asibitin.

Na biyar, mu yi hattara da masu lasifika a kasuwa. Duk lokacin da aka ji tallafi ya girgiza, sai masu cewa suna warkar da cutar da jarka ɗaya su fito. Mace ta sayar da akuyarta, ta ajiye maganin asibiti, bayan wata shida a kwantar da ita. Addu'a kam mu yi ta yi, ba ta hana shan magani. Amma kada ƙungiya ta ba da rancen sayen irin wannan jarka.

Na shida, bakinmu. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido kan asibitin yankin, kuma ana so a sami mata a ciki. Mu tura tamu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wani ɓangare na zuwa kai tsaye ga ƙananan asibitoci. Muna da ikon tambaya ko namu na samu, me aka yi da shi, kayan gwajin masu ciki na nan ko sun yanke. Mace ɗaya in ta tambaya a ce ta cika surutu. Ƙungiya biyar in suka tafi tare wurin kansila ko hakimi, kujera ake ba su. A 2014 ɗin nan dai aka yi dokar da ta haramta nuna wa mai wannan cuta bambanci a wurin aiki, makaranta ko asibiti, ta kuma hana tona asirinsa ba da yardarsa ba. Akwai kuma ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, mai rassa a jihohi, ma'aikatan asibiti za su iya haɗa mai buƙata da su.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci

Wata na cewa, mu ai ba mu da mai wannan ciwo a ƙungiyarmu. Yaya, ta yaya kika sani? Ni ma haka na zata shekara biyu. Mai shan maganinta daidai ba a gane ta a fuska, ƙila ma ta fi ki ƙiba. In kuma da gaske babu, kuɗin bai ɓata ba, mai hawan jini za ta ci moriyarsa, abin da ya rage kuma namu ne.

Wata kuma na cewa, in maigida ya ji fa? Wannan tsoro na gaskiya ne, an saki mata a kan haka, an kore su da goyo. Shi ya sa ba aikinmu ba ne mu kai wa mijin kowa labari. Ita ce za ta zaɓi lokaci, kuma a asibiti akwai masu ba da shawara da suka san yadda ake kiran miji a gwada su tare, a yi musu bayani tare. Namu shi ne in ta dawo ta tarar da gurbinta a tabarma yadda ta bar shi, a ci gaba da sayen ƙosanta, a ba ta rance in layinta ya zo kamar kowa.

Yanzu kafin a kira suna, ina roƙon uwar ƙungiya ta sa mu yanke shawara a kan abu uku yau ɗin nan, a rubuta a littafi. Nawa za mu ƙara a zubin jinƙai na mako? Su wa za mu zaɓa amintattu biyu? Wace ce za ta wakilce mu a kwamitin asibiti, ta kawo mana rahoto a taro na gaba? Ku tattauna, ni zan koma gefe, don kuɗinku ne, shawararku ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa albarka a abin da muke tarawa.